Makulli na Uku

A rumfar mai sayar da kwaɗon ƙofa, wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, ba ni kwaɗo mai ƙarfi. Na gidana zan canza."

"Ɓarayi ne, Mama?"

"Ina ma ɓarayi ne! Autana ne. Ya dawo yana cewa wai babu Allah, coci ma ya daina zuwa. Ba zai ƙara shigar mini gida ba."

"Ga shi, makullansa uku."

"Biyu nake so, nawa da na babansa. Jefar da ɗayan."

"Ai ba a raba su, Mama. Ni ma shekara tara na yi ina musun Allah, har dariya nake yi wa fasto. Ranar da na dawo, sai na tarar bai canza kwaɗo ba."

"Faston?"

"Allah dai. Mai ƙinsa ne yake juya baya, Shi kuwa bai rufe ƙofa ba."

"Kwaɗo kake sayarwa ko wa'azi?"

"Wa'azin gyara ne, Mama."

Ta yi dariya, ta ɗan jujjuya makulli na ukun a tafinta. "To, ɗaura masa jan zare. Yaron nan akwai yar da kaya."