Ƙofar da Jalaluddeen Bai Yanka Ba

Jawabin da Kaltume Garba ta karanta a taron tunawa da ɗanta, a farfajiyar ƙungiyar kafintocin Tibiri.

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba mu aro kuma ya karɓi abinsa. Ina gaida wakilin magajin gari, da wakilin sarki, da malam liman, da darektan makarantar da marigayi ya koyar. Ina gaida Malam Salman, shugaban kafintoci, wanda ya tara mu. Ina gaida Malam Ya'u, ƙanen mijina, uban gidanmu tun rasuwar wansa. Firdausi, surukata, sannu da haƙuri.

Ku yi mini uzuri. Da furfura na koyi karatu, kuma ban taɓa tsayawa gaban maza haka ba. Na san cikin abokansa akwai waɗanda ba su son taro bayan mutuwa. Ba sadaka muka zo yi ba, ƴaƴana. Magana ce gare ni, ina son shaidu.

Ba za ku ji sunansa a bakina ba tukuna. Ɗan farina ne, kun san al'adarmu. Tun yana goye "kai" nake ce masa, ko "wannan yaron".

Ya kasance malamin lissafi, mun sani. Ya kasance mai gaida kowa, har wanda ya girme. Amma mu mutanen Tibiri da injinsa muka fi saninsa, injin nan mai sassaƙa katako da umurnin ordinatar, wato kwamfuta, wanda ya harhaɗa da hannunsa a zauren gidanmu. Ba sana'arsa ba ce. Sha'awa ce, ta ranakun hutu. Da shi ya yanke allunan sunayen azuzuwa, bai karɓi komai ba. Da shi ya yanke mana baƙaƙen katako, mu matan ajin karatun manya, kowane kamar tafin hannu. Ni da yatsa na fara gane "ka" kafin in gane ta da ido.

Ni kuwa tsoron injin nake yi. In ya tada shi, sai in tsaya bakin zaure ina cewa, "Kai, janye hannunka! Kai, ƙurar nan za ta cinye maka huhu!" Sai ya yi dariya ya ce, "Inna, in ba ki ji tsoro ba yau, ai sai in kai ki likita." Na yi ta gadin inji, ashe zazzaɓi ne zai shigo ta bayana.

Abin da ya fi ba shi wahala ba ƙarfen injin ba ne. Zaɓen manhaja ne, abin da shi yake kira lojisiyel. Ya bayyana mini cewa aiki biyu ne: akwai wadda ake zana abu da ita, akwai kuma wadda ke gaya wa kaifin injin inda zai shiga katako, inda zai bi, da inda zai fita. Ya gwada wata mai kyau ƙwarai, amma ba ta buɗuwa sai da rezo, wato intanet, kuma kun san rezonmu, baƙo ne mai zuwa ba sallama. Ya bar ta. Ya koma wadda aka ba shi tare da kayan injin, mai sauƙi, ka ba ta hoto ta yi sauran da kanta. Da ita ya yi mana baƙaƙe.

Ba shi da wanda zai yi shawara da shi a garin nan. Ya je Dogon Dutsi ya tambaya, aka ce masa ya sayi zarto. Sai ya riƙa rubuta wa waɗansu mutane can nesa a waya, wani ya amsa, wani ya yi shiru. Da la'asar ni yake zaunarwa yana yi mini bayani, ina cewa "to, to", alhali ban gane ba. Ya san ban gane ba. Wanda zai saurara kawai yake nema.

Ku da kuka san ni kun san zanen ƙwarya nake yi tun ina Geceme, gidan ubana. Wata rana ya ce zai yi mini ƙofar ɗaki, da zanen ƙwaryata a jikinta. Ya ɗauki hoton ƙwarya, ya ba manhajar nan mai sauƙi, ya gwada a guntun katako. Ya kawo mini yana murna. Da ido ya yi kyau. Da na shafa sai na ji ƴan ramuka nan da can, duk inda kaifin ya ɗaga ya sake sauka.

Na ce, "Wannan tsalle-tsalle ya yi kamar fara."

Ya ce, "To ke ya kike yi?"

Na ce, "Uwata ta koya mini, in wuƙa ta sauka a gindin ƙwarya ba ta tashi sai ta dawo inda ta faro. Zanen da aka yanke masa numfashi ba a kai shi ɗakin amarya."

Sai ya ce, "Wannan ba ta barin mutum ya zaɓa mata hanya. Ita ke zaɓa."

Daga ranar ya ajiye ta. Ya ɗauko wata ta kyauta wadda ba ta bukatar rezo, amma mai taurin kai ce, ga Turanci, ga maɓallai kamar tururuwa. Amfaninta ɗaya, tana barin mutum ya ce wa kaifi: nan za ka fara, nan za ka juya. Malam Salman shaida ne, ya ce masa, "Malam, wa zai shafa ƙofa ya ƙirga ramuka?" Ya ce, "Mai ƙofar." Rani guda ya yi yana fama da ita. Ya karya kaifi, ya ɓata katako. Yakan kira ni ya ce, "Inna, ɗora yatsa. Daga nan ina kike zuwa?" In bi zanen da yatsa a kan gilashin ordinatar, shi kuma yana biye da ni yana sa alama.

Ya gama. Ya sayo katakon ƙofar, ya ɗaure shi a kan injin, ya ce ranar Lahadi zai yanka. Ranar Lahadi muna likita. Katakon yana nan a ɗaure yadda ya bar shi, na rufe shi da zane.

Yanzu ga maganata. Malam Ya'u, ka ce a sayar da injin, wani ɗan kasuwa daga Dogon Dutsi yana so, a kuma share ordinatar ɗin a sayar da ita daban. Ban ga laifinka ba. Akwai marainiya, ƴarsa Marwa, kuma haƙƙinta ya fi ƙofata. Ka ba ni zuwa kaka, na gode. Mun nemi wanda ya iya manhajar nan, daga nan har Ɗan Kassari, ba mu samu ba. Abin da ya zaɓa saboda ni, shi ne abin da ba wanda ya iya. In takardar nan ta faɗa hannun wani da ya iya, don Allah ya zo kafin a yanke gero. Zan dafa masa abinci da hannuna.

In kuma ba wanda ya zo, ku ɗauki injin. Amma malam liman, ga ka zaune. Uwa tana da rabo cikin abin da ɗanta ya bari. Ba na son gona, ba na son babur. A sa ordinatar ɗin cikin rabona, kada a share ta.

Ga dalili. Firdausi ta gano wani maɓalli da ke nuna aikin ba tare da an tada inji ba. Wani ɗan ɗigo ne ke tafiya a kan gilashi. Yana sauka a gindin zanen, inda nake farawa. Yana juyawa inda nake juyawa. Ba ya ɗagawa ko sau ɗaya har ya dawo. Kowace la'asar, lokacin da ya saba zaunar da ni, takan buɗe mini ta koma ɗaki, don ita ba ta iya kallo. Ni kaɗai nake zama a zauren. Yanzu na gane bayanin da yake yi mini, sai dai babu wanda zan ce wa na gane.

Firdausi, ki yi haƙuri, ki riƙe Marwa, gidan nan gidanki ne. Kafintoci, malamai, ɗalibansa, mun gode da kuka zo cikin rana. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, Kai ka zana masa hanyarsa, ka san inda ta fara da inda ta tsaya, ba mu da ja. Ka yalwata kabarinsa, ka yafe masa kurakuransa, ka raya abin da ya bari. Ban taɓa kiransa ya ji ba, to yau gabanKa nake kira. Ya Allah, ka jiƙan ɗana Jalaluddeen. Amin.