Jan-baki a Tashar Kalaba

Tsuntsayen jan-baki sun cinye shinkafar Goni a Lau, shi ya sa yake zaune a tashar Kalaba da ke Jalingo da ƙullin kayansa. Motar Kalaba ta ƙi cika tun safe. Na kusa da shi, wani ma'aikaci mai suna Tobiya, sai duba agogo yake yana buɗe littafi mai hotunan tsuntsaye.

"Oga, kiwonsu kake yi?" in ji Goni.

"A'a, Baba. Hutu na ɗauka, zan je bakin teku in kalle su."

"Kallo kawai? Ba gashi?"

"Kallo kawai. Kwana biyar aka ba ni, ga ɗaya yana lalacewa a tashar nan."

"Da ka zo Lau, da ka kalla har ka ƙoshi." Sai Goni ya dafe shafin. "Tsaya! Ga shi nan, jan-baki."

"Wannan ɗan kyakkyawan?"

Goni ya daɗe yana kallon hoton.

"Wata biyu ina kaɗa masa gwangwani, ban taɓa ganin fuskarsa ba sai yau. Gadi zan je nema a Kalaba, Oga. Gonar babana na sayar saboda shi."