Ƙwayar Shinkafa Ɗaya Tal

A wata rumfar abinci kusa da tashar jirgin Dalian, tsoho Kuwabara, Bajapane, ya share kwanonsa tas. Mai abincin ta sake cika masa shinkafa, karo na uku.

"'Yata, kashe ni za ki yi? Na ƙoshi."

"Ka ƙoshi ka suɗe kwano haka, Baba? A nan ƙosasshe ragewa yake yi. So kake a ce na bar tsoho da yunwa?"

"Mu kuwa barin ƙwaya ɗaya raina manomi ne."

"To, tukunyata ko rabi ba ta yi ba."

Ya leƙa tukunyar, ya nisa. Ya ci, ya rage ƙwaya ɗaya tal.

"Yanzu na yarda ka ƙoshi," in ji ta.

"Madalla. To, juya bayanki in cinye ta."