Ana kirana Injiniya, jami'a ta ba ni Tarihi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Habibu, daga Gwangwan ta ƙaramar hukumar Rogo.

Tun ina sakandare nake gyaran injin ban-ruwa, har masu noman rani na yankinmu suka laƙaba mini Injiniya. Da na gama, sai na nemi karatun injiniya a jami'a. Sunaye suka fito, wai Tarihi aka ba ni. Tarihi fa, mai gabatarwa! Ni da ko tarihin garinmu ban taɓa tambaya ba.

Akwai wata makarantar koyon sana'a a Kano da ke koyar da haɗa sola da gyaran famfo, shekara biyu a ba ka takardar shaida. Can raina yake. Amma Baba ya ce digiri ai digiri ne, so yake a gidanmu ma a ce ga wanda ya gama jami'a. Na fara yi masa bayani, ya ce ba shawarata ya nema ba.

Saura mako biyu a rufe rajista, na kasa zaune na kasa tsaye. Ba na son saɓa wa mahaifina, amma shekara huɗu ba wasa ba ce. Don Allah masu sauraro ku ba ni shawara.

Baba, na san kana ƙofar gida kana jin shirin nan. Ka yi haƙuri, amma rediyon da ke hannunka ma ni na gyara maka.