Shekarar da Na Rasa Saboda Sunkuyar da Kai

'Yan'uwa cikin Almasihu, ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda bai bar ni na ruɓe cikin shiruna ba. Salamarsa ta zauna tare da ku duka.

Sunana Habila. Yawancinku da fuska kawai kuka san ni. Ni ne mai zama a kujerar baya kusa da taga duk Juma'a, ranar hutun ƙasar nan, idan mun taru a nan unguwar Ma'adi don Misa, mai sulalewa kafin a kawo shayi. Ba ni da baki, shi ya sa na rubuto shaidar nan a takarda. In muryata ta yi rawa, ku yi haƙuri da ni.

Daga wani ƙauye kusa da Malumfashi na fito. Ikilisiyarmu ce ta turo ni Alƙahira karatun falsafa da tarihi da Larabci, a wata ƙaramar kwalejin Katolika da firistoci ke gudanarwa. Ranar da na sauka, Yaya Markus ne ya tarye ni. Ba ciki ɗaya muka fito ba, ɗan garinmu ne, ya girme ni, kuma yana gabana da aji ɗaya a kwalejin. Shi ya ba ni katifa a ɗakinsa a Hadayek el-Ma'adi. Shi ya koya mini shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya nuna mini inda ake sayar da wake da burodi. Mahaifiyarsa da tawa zumuntar mata ɗaya suke. Ban taɓa kiran sunansa ba tare da na sa Yaya a gaba ba.

A kwalejinmu ba a fita da littafi daga ɗakin karatu. Sai ka cike 'yar takarda da sunanka da sunan littafin da ranar, ka miƙa wa Sista Maryam, wata tsohuwa Bamisriya da ke kula da wurin, ta ɗauko maka. Ni kuwa can na tare. Tun ina aji biyu na fara tara abin da zan rubuta kundin kammala karatuna da shi, a kan mutanen da suka juya littattafan falsafa daga Girkanci zuwa Larabci. Duk abin da na karanta sai na rubuta a ƙaramin kati, da lambar shafi, na jera a kwalin takalmi. Kwali uku na cika. Ba ni da abokai, ba ni da wasa. Katunan nan su ne duniyata.

Wata rana Yaya Markus, yana shekararsa ta ƙarshe, ya ce mini, “Ƙanena, ara mini kwalayen nan in ga yadda kake tsara abinka. Kai Allah ya ba ka hannu, ni nawa duk a watse yake.”

Har daɗi na ji. Na ɗauka na ba shi. Suka yi mako uku a wurinsa. Ya gama, ya karɓi takardar shaidarsa, na raka shi filin jirgi ina ɗauke da jakarsa.

Bayan shekara na miƙa nawa kundin. Kwana goma sai aka kira ni ofishin Abuna Yusuf, shugaban kwalejin. Abuna, haka ake kiran Fada a ƙasar nan. Na tarar da shi da malamai biyu, da kundi biyu a buɗe a kan tebur. Ɗaya nawa. Ɗaya na Yaya Markus. Babi biyu cif, maganata ce, tsarina ne, har misalaina, amma da sunansa a kai, kuma ya riga nawa shiga ɗakin karatu da shekara guda.

Abuna ya ce, “Habila, dube ni. Ɗayanku ya kwashi aikin ɗaya. Markus ne ya kwashi naka?”

'Yan'uwa, ku da kuka tashi inda na tashi, kun san abin da ya same ni. Ta yaya zan zuba wa babba ido, firist kuma? Ta yaya zan kira wanda ya ba ni katifa ɓarawo, a bayan idonsa, a gaban baƙi? Tun ina ƙarami aka koya mini cewa idan babba na magana, ƙasa ake kallo. Sai na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Na ƙara sunkuyawa. Na ɗauka zai gane ladabi nake yi, zai bincika da kansa.

Ya ja numfashi ya ce, “Khalas, magana ta ƙare. Shirunka ya isa.”

Ni kuma na ce, “To, Abuna.”

Shi ke nan! Aka ƙi kundina. Aka dakatar da ni shekara guda, aka ce a ƙarshenta majalisar malamai za ta zauna ta yanke ko a kore ni gaba ɗaya. Aka rubuta wa Bishop ɗinmu wasiƙa. Katikis ɗin ƙauyenmu ne ya je har gida ya faɗa wa mahaifina cewa ɗansa ya yi satar karatu a Masar.

Na kira Yaya Markus a waya. A lokacin ya sami aikin koyarwa a wata makarantar ikilisiya. Ina kuka na gaya masa. Sai ya ce, “Ma'alish, yi haƙuri, ƙanena. Ai ilimi na kowa ne. Kai yaro ne, za ka sake wani. Kada ka tona mini asiri, ina da iyali yanzu. Ka tuna wa ya karɓe ka a garin nan.”

Na tuna. Wayyo, na tuna! Kullum sai na tuna.

Ba zan yi muku ado da shekarar nan ba. Na tsani mutumin nan tsana irin wadda ban san tana cikina ba. Gyambon ciki ya kama ni, na rame har wandona ya daina zama. Ina zuwa Misa, amma na daina tashi karɓar Jibin Ubangiji. Idan aka zo wurin roƙon gafara a addu'ar da Ubangiji ya koya mana, sai in kulle bakina. Na ji haushin Abuna. Na ji haushin Allah ma, gaskiya nake faɗa muku. Na ce masa, ni da na yi ladabi ni ka bari a ƙasa, mai sata kuwa yana tsaye gaban allo ana ce masa Malam.

A ƙasan benenmu akwai wani tela, Malam Idi, Musulmi ne mutumin Maraɗi. Malam Shiru yake kirana. Saura mako biyu majalisa ta zauna, na kai masa wando ya rage mini. Ya auna ƙuguna ya ce, “Kai Malam Shiru, wannan ba ragewa ba ce, sabon wando za a fitar daga ciki. Azumin naku ne ya kai haka, ko budurwa ce ta ƙi ka?”

Ban san yadda aka yi ba, sai na ba shi labarin duka. Shi ne mutum na farko da na gaya wa.

Ya ajiye almakashi. “Tsaya. Bamisre ya ce ka dube shi, ka kalli takalminka? Innalillahi! Yaro, shekara ashirin nake garin nan. Mu a gida wannan ladabi ne. Su a nan, wanda aka kama da kayan mutane ne ke kallon ƙasa. Ai da kanka ka sa hannu a takardar laifin! Shi kuma yayan naka, katifa ya ba ka, ba ransa ya ba ka ba, da za ka biya shi da naka. Yalla, tashi ka je ka buɗe baki.”

Ban je ba. Tsoro ya hana ni. Washegari da azahar dai na shiga ɗan ɗakin sujada na kwalejin, ba kowa, na durƙusa. Ban yi addu'a mai kyau ba. Cewa na yi, “Yesu, na tsani Markus. Na gaji. Ba ni da baki, kai ka sani. In ba ka buɗe shi ba, a haka zan koma gida.” Ina nan durƙushe sai na ga abin da na ƙi gani shekara guda: shiruna ba tawali'u ba ne. Tsoron bakin mutanen garinmu ne. Na gwammace a ce mini ɓarawo a Masar da a ce mini butulu a gida. Na yi ƙarya da shiru, na sa mata sunan ladabi. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Sista Maryam ce, ta shigo canja ruwan furanni.

“Habila? Ina ka shiga? Ɗakin karatuna ya yi maraici.”

Na gaya mata. Wannan karon na ɗaga kai. Ta saurara har ƙarshe, fuskarta ta ɗaure. Ta ce, “Takardun neman littafi ban taɓa zubar da ko ɗaya ba. Suna cikin akwatuna, shekara-shekara. Ba wanda ya tambaye ni, ɗana. Ko mutum ɗaya.”

Yini biyu muka yi muna tsincewa. Littattafan da babi biyun nan suka dogara a kansu, sunana ne a kan takardunsu, da rubutun hannuna, tun ina aji biyu. Sunan Yaya Markus bai fito a ko ɗaya ba.

Na ɗauki akwatin da kwalayena na shiga ofishin Abuna Yusuf. Na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi wa mahaifina ba, na ce, “Abuna, aikina ne. Markus ne ya kwasa.”

Ya daɗe yana juya takardun. Ya ce, “Me ya hana ka faɗa tun ranar?”

Na ce, “Yayana ne. Kai kuma babba ne.”

Bai gane ba, na ga alama har yau bai gane ba. Ya dafa goshinsa ya ce, “Ma'alish, Habila.”

Ma'alish. Kalma ɗaya, a madadin shekara guda.

Majalisa ta wanke ni. An karɓi kundina, an rubuta wa Bishop wasiƙa ta biyu, an sauke kundin Yaya Markus daga kantar ɗakin karatu. Yabo ga Ubangiji! Amma kada in yi muku ƙarya a gidan Allah. Shekarar ba ta dawo ba. Yaya Markus yana nan yana koyarwa. Mahaifiyarsa ta daina gaida tawa, kuma a ƙauye sunan da nake gudu shi aka sa mini: butulu. Gafarar ma ban gama ta ba. Kowace safiya sai na sake ɗaukarta daga farko, wata rana ta ɗauku, wata rana ta ƙi.

Sai dai Juma'ar da ta wuce, waɗanda ke kusa da ni sun gani, na tashi daga kujerar baya na shiga layi. Da Fada ya ɗaga gurasar a gabana, ban kalli ƙasa ba.

Na gode wa Yesu da ya aiko mini da tela da tsohuwa mai furanni. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai gaskiyar da ka haɗiye don kunya tana cin cikinka, kai ta gabansa yadda take, ko da ɗacinta. Ka dogara gare shi. Wanda ya buɗe bakin Habila, ba bakin da zai gagare shi. Amin.