Auta Ta Ajiye Zare

Yaya: Salamu alaikum. Ya gida, ya su Umma?

Ƙanwa: Lafiya lau. Yaya, kin ga...

Yaya: Ya karatu? Ya jikin Gwaggo?

Ƙanwa: Jikinta garau, bakinta ne matsalar.

Yaya: Me? Ba na jin ki, matsa wajen taga.

Ƙanwa: Na ce bakinta. Yau muka kai Auta wajen likitar nan ta masu otizim, wato galahanga, ni da Gwaggo, Umma na shago.

Yaya: To, me ta ce yana damunta?

Ƙanwa: Ai ba ta fara da wannan ba. Ta rage fitila, ta zauna ƙasa kusa da Auta, ta ce mu faɗa mata abin da yarinyar ta fi iyawa, da shi za su gina mata komai.

Yaya: Sai kuka ce zare.

Ƙanwa: Na buɗe baki kenan Gwaggo ta take mini ƙafa. Wai, "Likita, wannan ba ta iya komai ba." Yarinyar da ke ware wa Umma shuɗin zare kala-kala, wanda ni duk ɗaya nake gani.

Yaya: A gaban Auta?

Ƙanwa: Tana zaune tana jujjuya maɓallin rigarta. A mota Gwaggo ke raɗa mini wai ba a yabon yaro gaban baƙo, baki zai kama shi.

Yaya: Haka ta yi mana duka. Ni da na zo ta ɗaya cewa ta yi malamin ne bai iya lissafi ba.

Ƙanwa: Ke kin san ba har zuci ba ne. Auta kuwa yadda aka faɗa haka take ɗauka. Muna dawowa ta kwashe zarenta ta ajiye ƙofar ɗakin Umma. Ta ce ba ta iya ba. Ga shi likitar ta ce a kawo aikinta zama na gaba.

Yaya: Ba ni ita in lallashe ta.

Ƙanwa: Na yi, Umma ta yi. Auta ta ce Gwaggo ce ta faɗa, Gwaggo ce babba.

Yaya: To sa Gwaggo a layi.

Ƙanwa: Tana bayana tun ɗazu, wai tana neman takalminta. Gwaggo, ga Yaya.

Gwaggo: Na ji ku, marasa kunya. Kare ta nake yi.

Yaya: Gwaggo, ki yi haƙuri, bakinki ne ya kama ta. Ki shiga ki ce mata ta iya.

Gwaggo: Yarinyar da ta fi uwarta ido, ni za ku koya wa?

Ƙanwa: To ki faɗa mata, ba mu ba.

Gwaggo: Ke, ɗebo zaren. Ki rufe tagar nan tukuna, maƙwabta na tsakar gida.

Yaya: Me ta ce? Ƙanwata?

Ƙanwa: Sai anjima, hannuna biyu nake buƙata.