Kada Mu Soke Zagayen Juma'a

Shugaban taro, Mista Lachlan Prowse. 'Yan kwamitin ƙungiyarmu ta manajojin gine-gine a nan Townsville. Dattawanmu da suka yi furfura a ƙarƙashin hular kwano. Injiniyoyi da magina, maza da mata: ina gaishe ku da gaisuwar girma. Sunana Narelle Doolan. Na gode da minti biyar da aka ba ni, kuma ku yi haƙuri, bakwai zan ci.

Yau za mu kaɗa ƙuri'a a kan zagayen Juma'a, al'adar nan tamu ta haɗuwa a wurin aikin ɗayanmu, mu taka shi da ƙafa, mu sha shayin ƙarfe goma a zaune kan bokitai. Kwamiti ya ce abin yana cin lokaci, gara kowa ya rubuta abin da ya koya a fom ya turo. Na miƙe ne in ce ban yarda ba.

Dalilina na farko labari ne. Shekara shida da suka wuce aka damƙa mini ginin wata makarantar firamare. Takardu sun cika, gwajin ƙasa ya fito lafiya, Litinin za mu zuba kankare. Sai zagayen ya faɗo kaina. Gordon Treloar, wanda ya shekara arba'in yana riƙe da gine-gine a garin nan, ya iso da kofinsa, ko kallon zanen da na shimfiɗa bai yi ba. Ya tafi kusurwar gabas yana dukan ƙasa da diddige.

Na ce, "Kai tsoho, rawa ka zo yi mana?"

Ya ce, "Ke dai zo. Wata nawa rabonmu da ruwan sama?"

Na ce biyar.

Ya ce, "To wa ke shayar da ciyawar nan, ta yi kore shar, ta miƙe layi ɗaya? Ke ce?"

Ashe tsohon rafi ne da aka cike tun ba a haife ni ba, ramukan gwaji kuwa sun faɗa hagu da damansa. Muka haƙa mita biyu, sai taɓo. A daidai nan ajin 'yan shekara biyar zai zauna. Ranar na ji kunya, na ji tsoro, kuma tsoron bai sake ni ba har yau.

Na biyu, fom ɗin da ake magana, ni na riga ku gwadawa. Na kai wa Gordon takarda na ce ya rubuta mini duk abin da ya sani. Bayan mako biyu ya dawo da layi ɗaya: "A duba ƙasa." Na ce rowa yake yi mini. Ya ce, "Wace rowa? Ni kaina ban san na san abu ba sai na gan shi a gabana." Jama'a, irin wannan sani ba ya hawa takarda. Sai an taka wuri tare, sai an tsaya tare, sai ƙarami ya yi tambayar wauta babba ya yi masa dariya sannan ya nuna masa.

Na uku shi ne mai nauyi. A watan Maris Gordon ya sami shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke. Ga shi can baya a keken marasa lafiya, matarsa Beryl ta kawo shi, don hannunsa na hagu yana ɗaguwa, kuma ya zo ya ɗaga shi a lokacin ƙuri'a. Abin da muka tambaye shi yana hannunmu. Abin da ba mu tambaya ba ya tafi. Na ƙirga dattawa irinsa goma sha ɗaya a ɗakin nan. Ina roƙonku, kada mu rufe ƙofar da muke isa gare su.

Ko ƙuri'a ta ci ko ta faɗi, Juma'a mai zuwa zan ɗora ruwan shayi a wurin aikina. Akwai wata kusurwa da ban gane mata ba, kuma wanda na saba tambaya ba ya iya amsa mini. Ku zo ku taya ni dubawa.

Allah ya ba Gordon sauƙi, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya tsayar da abin da muka gina a kan ƙasa mai ƙarfi, ya mai da kowa gidansa lami lafiya. Na gode.